Tsara Shiyyoyi da Haɗa Na'urorin Mararraba a Sadarwar Rumbunan Bayanai

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin ayyuka biyu da ake gudanarwa a sadarwar rumbunan bayanai mai amfani da fasahar Fibre Channel, wato tsara shiyyoyi da kuma haɗa na'urorin mararraba da juna. Ko da yake akan koyar da ayyukan daban-daban, maƙalar ta nuna cewa igiya ɗaya ce ta ɗaure su, domin kundin shiyyoyi mallakin sadarwar ne baki ɗaya, kuma duk wanda ya jona mararraba biyu ya haɗa dokokinsu tare da wayoyinsu. An yi amfani da misalin wata jami'a da aka ƙaddara domin bin matakan ɗaya bayan ɗaya. An fito da yadda ake ba na'urori suna da adireshi, da nau'o'in shiyya, da abin da ke faruwa a lokacin haɗi, da kura-kuran da ke jawo asarar bayanai. A ƙarshe an jero matakan da ya kamata a bi kafin a jona sabuwar mararraba.

Muhimman kalmomi: rumbun bayanai, mararraba, saƙa, shiyya, gada, lambar gunduma

1.0 Gabatarwa

A kwamfutar da mutum ke aiki da ita a gida ko a ofis, faifan ajiya yana cikinta, kuma ba ta da abokin tarayya a kansa. Manyan cibiyoyi irin su bankuna da kamfanonin sadarwa da wasu jami'o'i sukan bi wata hanya daban. Sukan tara faya-fayai masu yawa a cikin akwati guda, wanda za a kira rumbu a wannan maƙala, sannan su yanka shi kaso-kaso, su ba kowace uwar garke nata kason. Uwar garke ita ce babbar kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima. Hanya ta musamman da ake shimfiɗawa tsakanin uwayen garke da rumbuna ita ce sadarwar rumbunan bayanai, wadda masana fannin ke taƙaita sunanta da haruffan SAN.

Wannan tsari yana da sauƙin kulawa, amma yana tafe da haɗari guda babba. Uwar garke tana ɗaukar duk faifan da ta gani tamkar nata ne ita kaɗai. Idan biyu suka yi rubutu a kan kaso ɗaya ba tare da manhajar da ke sasanta su ba, bayanan za su lalace, kuma lalacewar ba ta zuwa da ƙara ko hayaƙi; sai ranar da aka zo nema a tarar babu. Abin da ke cikin kason yana iya zama sakamakon jarrabawar ɗalibai na shekaru masu yawa, ko hotunan rubuce-rubucen ajami, ko muryoyin da manazarta suka naɗo daga bakin tsofaffin da a yau ba su da rai. Saboda haka manazarcin da ya damƙa aikinsa ga irin wannan ma'ajiya yana da haƙƙin sanin abin da ke tsare da shi.

Domin sauƙaƙa bayani, a ƙaddara wata jami'a mai cibiyar kwamfuta da rumbu guda, da uwayen garke uku: ta jarrabawa, ta albashi, da ta laburare. Daga baya jami'ar za ta so ta kafa wata mararraba a ginin laburare, ta haɗa ta da ta cibiyar. A kan wannan misali za a ɗora sauran bayanin.

2.0 Sassan Sadarwar

An fara aikin tsara Fibre Channel a 1988, hukumar ANSI ta Amurka kuma ta amince da ƙa'idarsa ta farko a 1994. Kwamitin da ake kira T11 ne ke kula da ƙa'idojinsa. Saurinsa ya riƙa ninkawa daga gigabit 1 a daƙiƙa zuwa 2, 4, 8, 16, 32 har 64. Kamfanoni biyu ne suka mamaye kasuwar na'urorinsa: Brocade, wanda Broadcom ya saya a 2017, da Cisco mai jerin na'urorin MDS.

Kowace uwar garke tana da katin haɗi, wanda aka fi sani da HBA, mai ƙofa ɗaya ko biyu. Daga ƙofar ake jan wayar gilashi mai ɗauke da haske zuwa na'urar da ke karɓar saƙo ta miƙa shi inda aka nufa. Wannan na'ura aka kira mararraba a nan, domin a kanta hanyoyi ke haɗuwa su rabu. Mararraba ɗaya, ko da yawa da aka jona suna aiki ƙarƙashin doka guda, ita ce saƙa. Da yake uwar garke ce ke fara neman bayani, rumbu kuma amsawa yake yi, ana kiran ɓangaren uwar garke manemi.

2.1 Sunan Yanka da Adireshi

Kowace ƙofa tana fitowa daga masana'anta da lamba mai bit 64. Bit shi ne mafi ƙanƙantar ma'aunin bayani, sifili ko ɗaya. Ana rubuta lambar da alamomi 16, biyu-biyu, kamar haka: 10:00:00:00:c9:2b:4e:71. Ana kiran ta WWN, kuma wani sashe nata hukumar IEEE ce ke ware wa kowane kamfani domin kada sunaye su zo ɗaya a duniya. Matsayinta matsayin sunan yanka ne, yana bin mai shi duk inda ya koma.

Idan aka jona ƙofar da mararraba, sai a ba ta adireshi mai bit 24, wanda ya kasu uku, bit takwas-takwas. Kashi na farko lambar gunduma ce, wato lambar mararrabar kanta, kuma tana faɗawa tsakanin 1 da 239. Na biyu unguwa, na uku gida. Da wannan adireshi saƙonni ke tafiya. Saɓanin sunan yanka, adireshi yana canzawa idan na'ura ta sauya wuri, ko idan lambar gundumar ta canza. Za a ga muhimmancin wannan bambanci a gaba.

2.2 Magatakarda da Shela

Da zarar haske ya kama tsakanin kati da mararraba, katin zai gabatar da kansa ga saƙa a adireshi na musamman FFFFFE, a ba shi nasa adireshin. Daga nan sai ya je wurin magatakarda, wato manhajar da ke riƙe da rajistar dukkan na'urori a adireshin FFFFFC, ya yi rajista, sannan ya tambayi jerin waɗanda zai iya magana da su. Bayan ya karɓi jerin ne zai bi su ɗaya bayan ɗaya ya ƙulla hulɗa. Haka kuma duk lokacin da wata na'ura ta shigo ko ta fita, saƙa tana aika shela, wadda ake kira RSCN, ga waɗanda suka nemi a riƙa sanar da su. Wanda ya ji shela yakan koma wurin magatakarda ya sake tambaya. A wuraren nan biyu, amsar magatakarda da isar shela, shiyya take fara aikinta.

3.0 Tsara Shiyyoyi

Shiyya jerin ƙofofi ne da aka yarje wa su ga juna. Waɗanda ba su haɗa shiyya ba, ko da wayoyinsu suna maƙwabtaka a jikin mararraba ɗaya, ba su san da zaman juna ba. Ƙofa ɗaya tana iya kasancewa a shiyyoyi da yawa, kamar yadda ƙofar rumbu ke shiga shiyyar kowace uwar garke da take yi wa hidima. Ana tattara shiyyoyi a cikin kundi. Ana iya ajiye kundaye da dama, amma ɗaya tak ke aiki a saƙa a kowane lokaci.

3.1 Da Suna ko da Ƙofa

Hanyoyi biyu ake bi wajen rubuta mambobin shiyya. Ta farko ita ce da sunan yanka. Amfaninta shi ne, idan ƙofar mararraba ta lalace aka mayar da wayar wata ƙofa, shiyyar tana nan daram. Rauninta kuwa, idan katin uwar garke ya ƙone aka sa sabo, sunan ya canza, dole a gyara shiyyar. Ta biyu ita ce da lambar gunduma da lambar ƙofa, kamar 1,4, wato ƙofa ta huɗu a mararraba mai lamba ɗaya. A nan sauya kati ba ya buƙatar gyara, amma duk wanda ya soka wayarsa a wannan ƙofa ya gaji izinin da ke kanta. A yau an fi amfani da sunan yanka.

Da yake lambobi 16 suna da wuyar riƙewa, kuma kuskuren alama guda ya isa ya ɓata aiki, akan laƙaba wa kowace ƙofa laƙabi mai ma'ana, kamar jarrabawa_a. Da laƙabin ake gina shiyyoyi. Idan kati ya canza, wuri ɗaya za a gyara, sannan a sake kunna kundin.

3.2 Ɓoyewa da Tsarewa

Akwai kuma bambanci a yadda ake tabbatar da dokar. A mataki mai sassauci, magatakarda ne kawai ke ɓoye sunayen waɗanda ba 'yan shiyya ba. Wannan ya yi kama da ƙin faɗa wa baƙo gidan da yake nema. Idan ya riga ya san hanya, babu mai hana shi zuwa. A mataki mai tsauri, kayan lantarkin mararrabar suna duba kowane ƙunshin saƙo, su yar da duk wanda mai aikowa da mai karɓa ba su haɗa shiyya ba. A da, an saba danganta tsauri da shiyyar ƙofa, sassauci da shiyyar suna. Na'urorin zamani suna iya tsare shiyyar suna da tsauri, don haka bai dace a ci gaba da cakuɗa batutuwan biyu ba. Ɗaya yana magana ne a kan yadda aka rubuta mamba, ɗayan a kan yadda aka tsare shi.

3.3 Manemi Ɗaya a Kowace Shiyya

Ƙa'idar da masana suka fi yarda da ita ita ce kada a sa manema biyu a shiyya ɗaya. Lissafi yana nuna dalili. A ɗauka an zuba uwayen garke 20 da ƙofofin rumbu 4 a shiyya guda. Mambobi 24 suna samar da hulɗar bibbiyu har 276. Daga cikinsu 80 kaɗai ake buƙata, wato 20 sau 4. Saura 190 tsakanin uwayen garke ne da juna, 6 kuma tsakanin ƙofofin rumbu, duk ba su da amfani, amma suna cin gurbi a ƙwaƙwalwar mararraba. Bayan haka, shela tana bin iyakar shiyya. Idan uwar garke ɗaya mai lalatacciyar waya tana shiga tana fita, kowace shiga da fita za ta tayar da sauran 19 su koma tambayar magatakarda. Da an ware ta a shiyyarta, da ita da rumbu kawai abin zai dama.

Illar wannan ƙa'ida ita ce yawan shiyyoyi. Domin rage wahalar, kamfanonin biyu sun samar da tsarin da ke ba da damar zuba mambobi da yawa a shiyya ɗaya tare da bayyana wane ne manemi, wane ne rumbu, ta yadda manema ba za su ga juna ba.

3.4 Matakan Aiki

A na'urar Brocade, shiyyar uwar garken jarrabawa za ta kasance kamar haka:

alicreate "jarrabawa_a", "10:00:00:00:c9:2b:4e:71"
alicreate "rumbu_a1", "50:06:01:60:3b:20:11:22"
zonecreate "jarrabawa_rumbu_a", "jarrabawa_a; rumbu_a1"
cfgcreate "kundi_a", "jarrabawa_rumbu_a"
cfgenable "kundi_a"

Layuka biyu na farko sun samar da laƙabi, na uku shiyya, na huɗu kundi, na biyar ya kunna shi. Haka za a yi wa albashi da laburare, a ƙara shiyyoyinsu da umarnin cfgadd. Akwai wani umarni, cfgsave, wanda ke adana abin da aka rubuta ba tare da ya fara aiki ba. Wanda ya tsaya a kansa zai ga shiyyarsa a rubuce, amma uwar garken ba za ta ga rumbu ba. A na'urar Cisco ana kunna kundi da umarnin zoneset activate, sannan a adana tsarin da copy running-config startup-config. A wuraren da ɗaukewar wuta ba baƙon abu ba ne, mantawa da adanawa yana nufin aikin yini guda ya tafi da ƙiftawar fitila.

Wajibi ne kuma a san hukuncin na'urorin da babu kundin da ke aiki a kansu. Na'urar Cisco tana zuwa da hani, kowa ba ya ganin kowa sai an ba shi izini. Na'urar Brocade kuwa an san ta da zuwa a buɗe, kowa yana ganin kowa matuƙar babu kundi mai aiki, sai an rufe da umarnin defzone --noaccess.

3.5 Shiyya Ba Ta Wadatar Ita Kaɗai

Shiyya tana kai uwar garke bakin ƙofar rumbu ne kawai. A bayan ƙofar akwai kaso da yawa, kowanne da lambarsa da ake kira LUN. Uwar garken albashi da ta laburare duk ta ƙofa ɗaya suke shiga, don haka shi rumbun ne zai lulluɓe wa kowacce kason da ba nata ba. Shiyya tana matsayin ƙofar zaure, lulluɓin kaso kuma makullin ɗaki. Mai gida ba ya barin ɗaya don yana da ɗayan.

4.0 Haɗa Mararraba da Mararraba

Yanzu a koma ga ginin laburare. Wayar da ke haɗa mararraba biyu ana kiran ta ISL, a nan kuma gada. A ido, aikin bai wuce soka waya a ƙofofi biyu ba. A ciki kuwa, tattaunawa ce mai matakai.

Da farko ƙofofin biyu suna musayar sharuɗɗan aiki. Daga cikinsu akwai ma'aunan jira guda biyu, E_D_TOV da R_A_TOV, waɗanda a al'ada suke kan daƙiƙa 2 da daƙiƙa 10. Idan ba su zo ɗaya ba, tattaunawar ta tsaya. Idan sun dace, ƙofofin za su koma ƙofofin gada, waɗanda ake kira E_Port. Na biyu, ana zaɓen shugabar mararraba. Wadda take da mafi ƙanƙantar lambar fifiko ce ke ci, idan an yi kunnen doki kuma sai a duba mafi ƙanƙantar sunan yanka. Shugabar ce ke raba lambobin gunduma. Na uku, ana lissafa hanyoyi da tsarin FSPF, wanda ke ba kowace gada farashi gwargwadon saurinta, ya zaɓi hanya mafi araha. Na huɗu, ana gwama kundayen shiyya. Na biyar, magatakardun ɓangarorin biyu suna musayar rajista, su zama tamkar ɗaya.

4.1 Cunkoso da Ɗaurin Dami

Duk saƙon da zai tsallaka daga wannan gini zuwa wancan, ta gada zai bi. Idan uwayen garke 24 masu saurin gigabit 16 suna gefe ɗaya, gadoji biyu masu gigabit 16 suka haɗa su da rumbu, abin da za su iya turawa 384 ne, abin da gadojin za su ɗauka 32, wato 12 bisa 1. Wannan ba lallai ya zama matsala ba, tunda ba kasafai dukkansu ke aiki da cikakken ƙarfi lokaci guda ba, amma lissafi ne da ya kamata a yi shi da sani. Uwar garken da ta fi kowa aiki, gara a jona ta a mararrabar da rumbunta yake. Haka kuma ba a so saƙo ya yi ta tsallake. Iyakar da aka saba gindayawa ita ce gadoji bakwai a jere, manyan cibiyoyi kuwa sukan yi tsarin cibiya da gefe domin kada a wuce biyu.

Ba a barin gada ɗaya tilo. Akan ja biyu ko fiye, a ɗaure su dami guda, su yi aiki kamar hanya ɗaya mai faɗi, idan ɗaya ta yanke sauran su ɗauki kayan. Brocade yana ɗaure har gadoji 8, Cisco har 16. Akwai abin lura ga mai nazarin kalmomi a nan: kalmar da Brocade ke kiran wannan ɗauri da ita, a wurin Cisco tana nufin wani abu daban, wato ɗaukar saƙonnin saƙa da yawa a kan gada ɗaya. Ma'aikata biyu na iya furta kalma ɗaya, kowa da abin da yake nufi.

4.2 Nisa da Gurabe

Fibre Channel ba ya aika saƙo sai ya tabbata akwai wurin sauke shi. Mai karɓa yana sanar da yawan guraben da yake da su. Kowane ƙunshi da aka aika yana cin gurbi ɗaya, kuma ba a mayar da gurbin sai amsa ta dawo. A kusa wannan ba ya damun kowa, amma nisa yana sauya lissafi. Haske yana cin kimanin kashi 5 cikin miliyan na daƙiƙa a kowane kilomita na wayar gilashi. A nisan kilomita 10, zuwa da dawowa kashi 100 ke nan. Cikakken ƙunshi mai bayit 2,148 yana fita cikin kimanin kashi 1.3 a saurin gigabit 16. Ke nan ana buƙatar gurabe kusan 80 domin kada wayar ta zauna banza tana jiran amsa. Idan 8 kawai aka ware, gadar za ta yi aiki da kimanin ushirin ƙarfinta, alhali fitilunta duk kore ne, babu alamar ciwo.

5.0 Inda Shiyya da Gada Suka Haɗu

A ƙaddara mararrabar da aka kai laburare ba sabuwa ba ce, ta taɓa aiki a wani sashe, kuma ba a goge ta ba. Abubuwa uku na iya faruwa.

Na farko, karon lambar gunduma. Na'urorin Brocade suna fitowa da lamba 1. Idan duka biyun suna kunne suna aiki da lamba 1 aka jona su, gadar za ta ware, kowace ta ci gaba da zamanta. Idan kuwa an kunna ta laburaren ne bayan an jona wayar, kuma ba a kafe lambarta ba, shugabar za ta ba ta wata lamba. Adireshin duk abin da ke jikinta ya canza ke nan. Shiyyoyin suna ba za su ji komai ba, amma shiyyar ƙofa da aka rubuta 1,4 da nufin ƙofa ta huɗu a laburare, yanzu tana nuni ga ƙofa ta huɗu a cibiya. Izinin ya koma hannun wanda ba a nufa ba, ba tare da kowa ya taɓa kundin ba.

Na biyu, saɓanin kundi. Idan akwai shiyya mai suna ɗaya a ɓangarorin biyu amma mambobinta sun bambanta, na'urorin ba sa zaɓen gwani. Gadar ce ke warewa. A Brocade, bambancin kundin da ke aiki ma yana jawo haka. Idan kuwa babu saɓani, kundayen suna narkewa su zama ɗaya, tsoffin shiyyoyin da baƙuwar ta zo da su su shige cikin saƙar. Warewar gada tana ɓata rai, amma kariya ce. Narkewar da ba a shirya mata ba ta fi ta haɗari, domin ba ta nuna alama.

Na uku, kuskuren mai gyara. Ma'aikacin da ya ga saɓani yakan yi niyyar goge kundin baƙuwar da umarnin cfgdisable da cfgclear da cfgsave. Wannan daidai ne matuƙar mararrabar tana ware. Idan ya yi kuskure ya ba da umarnin a mararrabar cibiya, ko ya ba da shi bayan gadar ta riga ta kama, gogewar za ta bazu a saƙa duka. Idan hukuncin asali hani ne, jarrabawa da albashi da laburare duk za su rasa rumbu nan take. Idan a buɗe yake, kowa zai ga kowa, lulluɓin kaso ne kaɗai ya rage. Gaba kura, baya sayaki. A Cisco ma akwai makamancin wannan tarko. A tsarinsa na asali, kundin da ke aiki ne ake rarrabawa ga sauran na'urori, cikakkiyar ajiyar shiyyoyi kuwa tana zama a inda aka rubuta ta sai an umarta a raba. Wanda ya kunna kundi daga mararraba mai tsohuwar ajiya zai shafe duk shiyyoyin da aka ƙara daga baya.

5.1 Matakan Kiyayewa

Daga bayanan da suka gabata, ga jerin da ya dace a bi:

1. A kwafe tsarin saƙar da ke aiki a ajiye shi a wajenta. A Brocade umarnin configupload ne ke yin haka.
2. A kunna sabuwar mararraba ita kaɗai, babu wayar gada a jikinta, a tabbatar da sunanta a allo kafin a ba da kowane umarni.
3. A goge duk tsoffin shiyyoyinta, a daidaita hukuncinta na asali da na saƙar. Mararraba mai kundi wayam tana karɓar na saƙar ba gardama.
4. A ba ta lambar gunduma da babu mai irinta, a kafe lambar.
5. A daidaita ma'aunan jira da sauri, a lissafa gurabe gwargwadon nisa.
6. A jona gada ɗaya, a duba da fabricshow da islshow da cfgshow cewa mararraba biyu sun bayyana kuma kundin bai sauya ba, sannan a jona ta biyu.
7. Sai bayan haka a jona uwayen garke.

6.0 Saƙa Biyu Masu Zaman Kansu

Tunda kuskure ɗaya yana iya bazuwa a saƙa duka, ƙara gadoji ba ya maganinsa. Maganin da aka amince da shi shi ne gina saƙa biyu, A da B, waɗanda babu wata waya a tsakaninsu. Kowace uwar garke tana da ƙofa a A da ƙofa a B, haka ma rumbu, kuma manhajar hanyoyi da yawa da ke cikin uwar garken tana karkata saƙo zuwa ɗaya idan ɗayar ta faɗi. Kowace saƙa da kundinta, da shugabarta, kuma ya kyautu kowace da layin wutarta. Wannan ne ma'anar harafin a da ke ƙarshen laƙabin jarrabawa_a. Idan za a yi gyara, a fara da A, a tabbatar kowace uwar garke ta dawo da hanyoyinta cikakku, sannan a taɓa B. Wanda ya ga ƙofa banza a A da wata a B ya haɗa su da niyyar ƙara ƙarfi, ya mayar da saƙa biyu ɗaya, ya kuma rushe kariyar da aka kashe kuɗi ninki biyu domin samunta.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi sadarwar rumbunan bayanai tun daga sunan yanka da adireshin ƙofa har zuwa gadar da ke haɗa gine-gine. An ga cewa shiyya tana iyakance wanda zai ga wani, tana taƙaita isar shela, kuma tana buƙatar lulluɓin kaso a bayanta. An ga kuma cewa jona mararraba biyu yana haɗa shugabanci da rajista da kundin shiyyoyi wuri guda, shi ya sa mafi yawan aikin haɗi ake yin sa tun kafin a ɗauki waya. Ga shugaban sashe ko manazarcin da ke da ajiya a irin wannan rumbu, tambayoyi uku sun isa ya yi wa masu kula da shi: shin saƙa biyu ne ko ɗaya, shin kowace uwar garke tana da shiyyarta, kuma yaushe aka kwafe kundin shiyyoyi na ƙarshe aka ajiye a wani wuri daban.